Rufin Tirelar Merle

Shekara huɗu 'yata Kendra ba ta nemi komai a wurina ba, sai da ta tashi sayen tirela.

Ba gaba muke yi ba. Takan kira ni ranar Kirsimeti da ranar haihuwata, mu yi minti uku muna zancen sanyi da ciwon gwiwata, sai ta ce, "To Baba, ana nema na," ta kashe. Tana Goshen ina Middlebury, tafiyar minti ashirin a mota, amma tun da mahaifiyarta Arlene ta rasu sau biyu kacal ta taka ƙofar gidana. Don haka da waya ta yi ƙara ranar wata Laraba da rana tsaka, na ga sunanta, na ɗauka wani ne ya mutu.

"Baba, na bar asibitinmu," in ji ta. "Na karɓi aikin jinya na yawo, wata uku a wannan gari, wata uku a wancan. Zan saki ɗakin haya in sayi tirelar tafi-da-gidanka, irin wadda ake ja da a-kori-kura. A ciki zan zauna, ko da zafi ko da ƙanƙara. Ba na so a sayar min da kwali."

"Ai duk kwali ne," na ce.

"Na sani. Shi ya sa na kira ka. Ka zo ka zaɓar min kwalin da ya fi dama-dama."

Na yi dariya, ita ma ta ɗan yi. Rabon da in ji dariyarta har na manta.

"Ranar Asabar za mu fara da dillalan bakin babban titi," ta ci gaba. "In ba mu dace ba, sai mu wuce gidan Kawu Merle. Anti Wanda ta ce za su sayar da tasu, tunda shi yanzu ba ya iya hawa ko matakala ɗaya. Mai koren ƙyalle ce fa, Baba. Ka san ba a samun irinsu a kasuwa."

Na ce to. Na ajiye wayar, na nemi kujera na zauna.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina rufin tirela. A yankinmu in ba ka aiki a kamfanin tirela, to ƙaninka na yi, ko mijin yayarka. Ƙarfe biyar na asuba layin haɗa tirela ke motsawa, kuma ba da awa ake biyanmu ba, da yawan abin da ya fita ƙofa ne, shi ya sa kowa gudu yake yi. Shasi, wato ƙarfen gindin tirela, zai shigo tsirara ta wannan ƙofa, kafin a tashi ya fita ta waccan da gado da murhu da labule. Mu uku ne a sama. Mu shimfiɗa katako, mu shafa gam, mu ja robar rufi, mu bi kowace kafa da kan kowace ƙusa da danƙo. Minti ashirin ake ba rufi ɗaya. Masu zuwa saye daga nesa sai su yi ta musu a kan suna, wai wannan kamfani ya fi wancan. Mu kam dariya muke musu. Na sha ganin tirela uku sun fito daga layi ɗaya, hannu ɗaya ya yi su, a manna musu suna uku da farashi uku. Abin tambaya shi ne wane layi, wane wata, kuma wa ke tsaye a wurin ran nan. Kar ka kuskura ka sayi wadda aka yi a makon da aka buɗe farautar barewa, don rabin ƙwararru suna daji, 'yan cike gurbi ne ke riƙe da bindigar ƙusa.

Mai koren ƙyalle daban take. Idan ɗaya daga cikinmu ya tara kuɗi ya yi odar tasa, sai a ɗaura wani ƙyalle kore a hancin shasin tun daga ƙofar farko. Ba a rubuce yake a ko'ina ba, mutanen ofis ma kau da kai suke yi. Duk inda ƙyallen ya iso, gudu ya ƙare. Inda ake buga ƙusa huɗu sai a buga takwas, mai lantarki ya jera wayoyinsa tsaf kamar kitso, a share garin katakon da aka saba rufewa a bayan bango. Kowa ya san wata rana tasa ce za ta biyo layin.

Merle Eash mai haɗa kabad ne, abokina tun muna samari, shi ya tsaya a gefena ranar aurena. Shekara goma yana tara kuɗin tasa tirelar. Da bakina na yi masa alkawari cewa ba wanda zai taɓa rufinsa sai ni.

Sai tirelarsa ta faɗo a makon da Arlene ke kwance asibiti, ciwon daji ya gama cinye ta. Helumanmu Dwayne ya ba ni hutun mako guda, ya ce kar ya sake ya ga ƙeyata a kamfani. Ranar Litinin likita ya ce saura 'yan kwanaki. Ranar Talata da asuba Kendra tana barci a kujera, Arlene tana jan numfashi, irin jan nan mai ƙara kamar ana zuƙar ragowar lemo da tsinke. Na tashi na ɗauki takalmana a hannu na fita. Na ce wa kaina awa biyu ne, in cika alkawari in dawo. Na bar wayata a akwatin kaya kamar yadda muka saba, don a kan rufi faɗuwa take yi. Awa uku na yi a sama. Arlene ta cika ƙarfe takwas saura minti goma.

Da na isa asibiti na ga idon Kendra, sai bakina ya riga ni. Na ce Dwayne ne ya kira, ya ce in ban zo ba a bakin aikina, kuma in aikin ya tafi inshorar da ke riƙe da asibitin ta tafi. Ta yarda. Ta tsani kamfanin, ni kuma ta ɗauke ni matsoraci wanda ya kasa ce wa heluma a'a. Na gwammace hakan sau dubu, don matsoraci akan yafe masa wata rana. Merle da matarsa Wanda sun san wace rana aka yi rufinsu, sun san ba wanda ya kira ni. Abin da ba su sani ba shi ne ƙaryar da na yi wa 'yata.

Saboda haka na kwana uku ina shiri ɗaya: ko ta halin ƙaƙa sai na samo mata tirela a wurin dillali kafin rana ta take, don kar mu kai gidan Merle.

Ita ta zo ta ɗauke ni a sabuwar a-kori-kurarta. Filin dillalin ya kai gonar masara girma, tireloli farare jere har iya ganinka. Wani mai suna Brock ya taro mu tun daga bakin ƙofa, haƙoransa farare tas kamar an yi musu fenti.

"Sannunku da zuwa! Yallaɓai, wa za a yi wa gida, kai ko gimbiya?"

"Ita," na ce. "Ka kawo min tsani."

"Tsani kuma? Bari dai ku fara ganin ciki. Wannan ta bana ce, kamfanin ya ci kyauta a kanta. Dubi talabijin, dubi murhun ɗumi, sai ka rantse itace ke ci a ciki."

"Itacen yana cikin bango, kuma ruwa ne zai ci shi. Tsani na ce."

Ya tafi yana yaƙe. Kafin ya dawo na zare durowar kicin gaba ɗaya na haska tocila a bayanta. Garin katako ne tuli, da ƙusa biyu a zube, da takardar cingam. Na juya durowar, ko gam babu, 'yan wayoyi ne kawai suka riƙe ta. Ban ce komai ba, don ba aibi nake nema ba ran nan. Amma Kendra ta leƙo ta bayan kafaɗata ta ce, "Ta Juma'a ce wannan, aikin masu saurin tafiya hutu," ta fice. Tun tana shekara tara nake zuwa da ita ranar da ake buɗe wa iyalai kamfani, ni na koya mata duk wannan, ban san ta riƙe ba.

Ta biyu ita ta kashe ta da kanta. Ta tsaya a ƙarshen bango ta karkata kai ta kalli tsawonsa ta fuskar rana, ta nuna min inda ya ɗan kumbura kamar ƙurji. Sannan ta tura ƙofar da yatsa ɗaya, ƙofar ta tafi ta daki ƙarfe ta dawo.

"Sabunta ce," in ji Brock. "Da an yi tafiya ɗaya za ta zauna."

"Kai ma da an yi tafiya ɗaya za ka daina ɗaga waya," in ji ta.

Na so in rungume ta. Na so kuma in ce mata ta yi shiru haka nan.

Ta uku ba ta da muni a ido. Kabad ɗinta katako ne na gaske, ƙofa ta rufu da yatsa ɗaya, ba warin danshi a cikin sif. Na hau tsani, na cire takalma na ajiye a gefe, na taka rufin da safa, don tafin ƙafa yana jin laushin da ido ba ya gani. Ba laushi. Amma a gefen tagar sama, daidai saman gado, wanda ya ja danƙon ya ɗaga hannu kafin ya haɗe zagayen. Kafar ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Na tsaya a kanta na daɗe. Sannan na sa takalmana na sauko.

"Ba laifi," na ce. "Wannan a saya."

Brock ya tafa hannu. Kendra ta zuba min ido.

"Ba ka sa tiyo ba."

"Ba sai an sa ba. Na duba."

"Kai ka ce min duk wanda ya sayi tirela bai yi mata wanka ba, ya sayi guga. Malam Brock, a taimaka da tiyon ruwa."

Ya ce sai ya tambayi manaja. Ta ce za ta jira. Aka jawo tiyo, ta sa ni na koma sama na saki ruwa, ita ta shiga ta kwanta a kan katifar da ledarta. Minti bakwai aka yi, sai na ji muryarta daga ciki.

"Baba, sauko. A goshi ya same ni."

A mota ta kalle ni ta gefen ido. "Tsufa ne ko yunwa? Da can da ƙamshi kake gane irin wannan."

"Ido ne," na ce. "Ya fara tafiya."

"Allah sarki." Ta ɗora hannunta a kan nawa, ta ɗan matsa. "Ka san me Mama ke cewa? Wai a coci kowa yana sauraron fasto, kai kana kallon sama kana lissafin inda zai fara yoyo."

"Ai kuwa ya yi yoyon."

"Ya yi. A kan matar fasto." Ta yi dariya har da buga sitiyari. Karo na farko ke nan a shekara huɗu da ta ambaci mahaifiyarta a gabana ba tare da fuskarta ta ɗaure ba. Ga 'yata tana dawo min, ga kuma motar tana kai mu gidan Merle. Na ce mu tsaya mu ci abinci, ta ce Anti Wanda ta gasa kek. Na ce gwiwata, ta ce za ta riƙe min tsani.

Tirelar tana bayan gidan, kusa da lambun tumatir, ba rumfa ba tanti, shekara huɗu tana shan rana da ƙanƙara. Wanda ta fito da gudu ta rungume Kendra tana cewa ta rame. Merle yana baranda a keken guragu. Tun bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito. Rabon da in zo duba shi wata biyar, kuma na san dalili.

"Ver... lin," ya kira sunana da ƙyar. "Tsohon... banza."

"Kai ne sabo ai," na ce, na kama hannunsa mai rai. Ya riƙe ni gam, ya ƙi saki.

Wanda ta kawo kofi da kek ɗin tuffa, tana ta bayani. Sau tara kawai suka fita da ita, sun je tafki, sun je wurin jikoki. Ba ta son rabuwa da ita, amma kullum Merle yana zaune yana kallonta ta taga, abin yana cin ransa. "Gara ta tafi hannun 'yar gida," in ji ta.

Na fara da ƙasa, ina addu'ar in samu wani abu. Na kwanta na shiga ƙarƙashi, wayoyi suna nan a jere kamar jiya aka ɗaure su. Na zare durowa, bayanta tas, kusurwoyin an sassaƙa su sun shiga juna, aikin Merle ne da hannunsa. Na bubbuga bango da gefen hannu tun daga hanci har wutsiya, sauti ɗaya. Na cusa kai a sif na shaƙa, sai ƙamshin sabulun Wanda. Kendra tana bina tana buɗe-buɗe, tana cewa ga inda za ta rataye kayan aiki, ga inda za ta ajiye hoton Mama.

Na hau sama, na cire takalma.

Na bi rufin nan taki-taki, gaba da baya, sau biyu. Na durƙusa a kan mugunyar gwiwar na bi kowane layin danƙo da yatsa. Da farko aibi nake nema don in raba Kendra da tirelar. Daga baya na gane wani abu nake nema daban. Ina neman wuri ɗaya, ko da kamar ƙwayar shinkafar nan ne, inda hannuna ya yi rawa. Wuri ɗaya da zai nuna cewa mutumin da ya yi aikin nan matarsa tana mutuwa, hankalinsa yana can. Babu. Danƙon ya tafi santal, kauri ɗaya, kowane zagaye a haɗe. A shekara talatin da ɗaya ban taɓa yin rufi mai kyan wannan ba. Na tuna har da yadda na ji ran nan, iska mai sanyi tana shigowa ta babbar ƙofa, rediyo yana yi, hankalina kwance. Daɗi na ji. Na zauna a kan rufin na tsani kaina kamar in faɗo.

Da na sauko duk suna jirana a gindin tsani, an turo Merle har kan ciyawa.

"Yaya?" in ji Kendra, idonta yana ƙyalli.

Na kalli takalmana. "Akwai laushi a gaba, kusa da na'urar sanyi. Ruwa ya shiga katako. Shekara ɗaya zai ruɓe."

Wanda ta dafe ƙirji. "Wayyo! Amma ko ɗigo ba mu taɓa gani ba."

"A ciki yake ci, ba a gani."

Sai Merle ya daki hannun kekensa. Ya sake duka. Fuskarsa ta yi ja, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ƙar... ƙarya."

"Merle, kwantar da hankalinka," in ji Wanda.

"Ƙarya... yake." Ba don tirelarsa yake fushi ba, don ni yake yi, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya juya ga Kendra, yana tsinto kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Kar ki... saurare shi. Kunya... ce. Rufin nan... ubanki ya yi. Da hannunsa. Dwayne ya ba shi... hutu. Mako guda. Ya kore shi... gida. Amma ya zo. Ba wanda... ya kira shi. Awa uku... yana sama. Saboda ni." Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ya mutu. "Ba irin... ubanki."

"Merle," na ce.

Kendra ta ajiye kofin hannunta a kan matakalar tirelar, a hankali.

"Wane mako ne aka ba shi hutu?"

Ta juya ga Wanda.

"Anti Wanda, wace rana aka yi rufin nan?"

Wanda ta kalle ni, ta kalle ta, sai hannunta ya tafi bakinta. "Na ɗauka kin sani, 'yar nan. Na ɗauka tare kuka yi shawara."

Kendra ta zauna a ciyawa ta kwance takalmanta, ta kama tsani ta hau. Muna jin takunta a sama, daga gaba zuwa baya, ta tsaya kusa da na'urar sanyi, ta danna, ta sake dannawa. Merle yana ta kallona yana neman in gaya masa me ya yi. Ta sauko ta tsaya a gabana da safa.

"Babu laushi."

"Babu," na ce.

"Dwayne bai kira ka ba."

"Bai kira ba."

"Sau goma sha ɗaya na kira ka." Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi min sauƙi. "Shekara huɗu in na ga mutumin nan a kanti sai in canza layi. Na taɓa zaginsa a gaban matarsa, ka sani? Bai ce min uffan ba. Me ya sa, Baba? Don alkawari?"

Da na ce don alkawari, wataƙila da ta samu abin riƙewa. Amma na gaji.

"Numfashinta ne," na ce. "Na kasa jin sa. Kwana shida ina ji, ran nan na kasa. Na san aiki ɗaya da na iya, sai na gudu wurinsa."

Ta gyaɗa kai kamar an gaya mata sakamakon gwajin da ta riga ta sani.

"Ni ma na kasa," in ji ta. "Amma na zauna. Ta farka wajen ƙarfe bakwai ta tambaye ka. Na ce kana ƙasa kana sayen kofi, yanzu za ka hawo. Ƙofa take kallo har ta tafi."

Ta juya ta durƙusa gaban Merle, ta goge masa fuska da hannun rigarta, irin yadda suke yi wa marasa lafiya. "Ba ka yi laifi ba, Kawu." Ta miƙe ta ce wa Wanda, "Anti, tirelarku ba ta da aibi ko ɗaya, duk wanda ya tambaya ki ce ni na faɗa. Amma ba zan iya kwana a ƙarƙashin rufin nan ba."

Ta mai da ni gida.  Da na sauka na tsaya riƙe da ƙofar motar ina neman abin faɗa, ta ce, "Rufe, Baba," na rufe.

Washegari na koma na ba Merle da Wanda haƙuri, na kuma rubuta musu takarda da sa hannuna cewa rufin lafiyarsa ƙalau. Wasu mata da miji daga Ohio suka saye ta cikin mako. Na kira Kendra sau uku, ban ƙara ba, don na san ba ni da bakin yin ƙorafi a kan wayar da ba a ɗaga ba.

Bayan mako uku, wata safiya ina shan kofi, sai ga a-kori-kurarta ta shigo layinmu tana jan tirela. Ta zo ɗaukar keken ɗinkin mahaifiyarta da bargon da Arlene ta haɗa mata. Ta gaishe ni yadda ake gaida maƙwabci, ta shige ciki.

Ni kuma na zagaya tirelar, don ban san yadda ake tsayawa kusa da tirela ba a zagaya ta ba. Sabuwa ce, ƙarama, mai araha, daga wani dillali a Fort Wayne. Ban buƙaci tsani ba. Daga ƙasa ma ina hango danƙon kusurwar gaba, an shafa shi a guje, ya yi siriri a tsakiya kamar an ja alewa. Ta san da shi. Yarinyar da ta kwanta a katifa tana jiran ɗigo ba za ta kasa ganin wannan ba.

Ta fito rungume da keken, na karɓa na sa mata a ciki, na ɗaure shi da igiya a ƙafar tebur don kar ya yi yawo a hanya.

"Kendra, ki bar min ita kwana biyu," na ce. "In kankare danƙon nan in sake. Kwana ɗaya ma ya isa."

"Jibi nake fara aiki."

"Ba zai kai bazara ba. Ruwan farko mai ƙarfi zai shiga ta nan, ya bi bango." Na matsa kusa da ita. "To ji nan. Duk ranar da ya fara yoyo ki kira ni. Ko ina kike zan zo, ko ƙarshen ƙasar nan ne. Ba sai kin yi min magana ba. In gyara in tafi."

Ta tsaya riƙe da makulli, ta kalle ni sosai. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai, kuma ta yi kama da uwarta har na kasa jurewa.

"Yuma zan tafi, Baba," in ji ta. "Can ba a ruwa."

Ta shiga ta tada mota. Ta yi baya da tirelar daga ƙofar gidana har titi a karo ɗaya, ba tare da ta nemi in nuna mata hannu ba.